Sandar Guragu da Jijiyoyin Jinin Hannu: Illar da Ke Ɗaukar Shekaru Kafin Ta Bayyana

Duk wanda ƙafa ta gaza masa, hannu ne ke karɓar aikinta. Da hannu yake miƙewa, da shi yake zuwa masallaci da kasuwa, da shi kuma yake neman abin da zai ci. Amma in ya je asibiti, ƙafar ake dubawa: ta rame, ta lanƙwashe, dungulmin ya warke ko bai warke ba. Da wuya ka ji an ce masa ya miƙo hannu a gani. Alhali kuwa likitoci sun daɗe da sanin cewa sandar da ake tokarawa a hammata, idan aka yi shekaru ana sakar mata nauyin jiki, tana iya lalata babbar jijiyar da ke kai jini hannu, har a kai ga yanke yatsu ko hannun ɗungurungum. Ba lalura ce mai yawa ba. Sai dai wanda ta faɗa wa, ta raba shi da abin da ya rage masa, ga shi kuma hanyar kauce mata ba ta da tsada. Shi ya sa ya kamata a san ta.

Sandunan dogarawa iri-iri ne. Akwai doguwar nan mai matashi a sama da mariƙi a tsakiya, wadda ake sawa a hammata, ita ce aka fi gani a garuruwanmu. Akwai gajeriya mai zoben da ke rungume hannu ƙasa da gwiwa. Akwai kwagiri na tsofaffi, akwai kuma ƙarfe mai ƙafa huɗu da ake ɗagawa ko a tura. Kowacce akwai inda take danna jiki. Ta hammatar ce ta fi yi wa jijiyar jini ɓarna, don haka a kanta maganar za ta fi tsayawa.

Abin da ke cikin hammata

Jinin da ke ciyar da hannu hanya ɗaya babba yake bi. Jijiyar takan fito daga ƙirji, ta bi ta ƙarƙashin ƙashin da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa, ta tsallake haƙarƙarin farko, ta ratsa hammata, ta gangara damtse. A gwiwar hannu take rabuwa biyu: reshe ɗaya ya bi gefen babban yatsa, inda malamin asibiti ke taɓa bugun jini, ɗayan ya bi gefen ƙaramin yatsa, sannan su sake haɗuwa a tafin hannu su raba wa yatsu. Faɗin babbar jijiyar a hammata bai kai santimita ɗaya ba. A farkon tafiyarta naman ƙirji ya lulluɓe ta, amma inda za ta fita daga hammata ta shiga damtse, fata da ɗan kitse ne kawai tsakaninta da waje, ga kuma ƙashin damtse dab da ita. A wannan lungu ɗaya ne jijiyar da ke mayar da jini zuciya take, tare da jijiyoyin da ke kai wa hannu saƙon ji da motsi. Duk abin da ya danni hammata, dukansu ya danna.

Idan mutum ya rataye a kan sanda, kan sandar yakan tura jijiyar ya matse ta da ƙashi. Sau ɗaya ba komai ba ne. Amma mai tafiya da sanda yakan yi taku dubbai a yini, ya kuma tsaya a kanta yana hira ko ciniki. Tamkar tiyon ban ruwa ne da aka shimfiɗa a bakin hanya, kullum babur na bi ta kansa a wuri guda: ba ranar farko zai lalace ba, amma wata rana sai an tarar wurin ya tsuke ko ya yi tozo.

Bangon jijiyar hawa uku ne. Na ciki santsi gare shi, shi ke hana jini maƙalewa. Na tsakiya tsoka ce da zaruruwa masu talewa su koma, su ke ba jijiya ƙarfin jure bugun zuciya. Na waje kuma riga ce mai kauri. Yawan matsi yakan kuje na ciki, jini kuwa duk inda ya tarar da kujewa sai ya fara daskarewa a wurin. Yakan kuma tsittsinke zaruruwan tsakiya, jiki ya maye gurbinsu da tabo, tabo kuwa ba ya talewa ya koma. Daga nan ɗayan abu uku ke faruwa. Ko hanyar ta yi ta tsukewa a hankali. Ko gudan jini ya toshe ta gaba ɗaya. Ko kuma bangon da ya yi rauni ya buɗe, jijiyar ta kumbura ta yi jaka.

Wannan jakar ce mafi hatsari, kuma ba fashewa ce babbar illarta ba. Jini ba ya gudu sosai a cikinta, sai ya riƙa kwanciya a gefe yana daskarewa. Duk lokacin da sanda ta sake danna wurin, sai ɓarɓashin gudan ya ɓalle, jini ya kwashe shi ya yi ƙasa da shi. Manya sukan tsaya a gwiwar hannu inda jijiya ta rabu, ƙanana su wuce su cushe jijiyoyin tafi da na yatsu. A haka hanyoyin ƙasa ke toshewa ɗaya bayan ɗaya, har ranar da za a zo gyara a tarar babu inda jinin zai bi ko da an buɗe sama.

Abin da ke sa lalurar ta daɗe a ɓoye wata baiwa ce da Allah Ya yi wa kafaɗa. Akwai ƙananan jijiyoyi da suka kewaye allon kafaɗa da kan ƙashin damtse. Idan babbar hanya ta tsuke sannu a hankali, su sukan buɗe su ɗauki jinin su zagaya da shi. Sai mutum ya yi shekaru babbar jijiyarsa a toshe bai sani ba, iyaka dai hannun ya riƙa saurin gajiya. Taimako ne babba, amma kuma shi ke jinkirta zuwa asibiti.

Ba yau aka gano ta ba

A shekarar 1930 Harry Platt, likitan ƙashi na birnin Manchester a Ingila, ya wallafa bayanin marasa lafiya da sanda ta toshe musu jijiyar hammata. A 1973 kuma likitocin tiyata biyu na birnin Boston a Amurka, William Abbott da Clement Darling, suka yi rubutu a kan kumburin jijiyar da sanda ke jawowa. Daga lokacin zuwa yau rahotanni suna ta fitowa ɗaya-ɗaya daga ƙasashe daban-daban, kuma labarin kusan iri ɗaya ne: mutum ne da shan inna ta kama tun yana yaro, ko aka yanke masa ƙafa yana saurayi, ya yi shekara talatin ko arba'in a kan sanda, sai rana ɗaya ya zo da hannu mai sanyi da ciwo. Galibi hannun da ya fi ɗaukar nauyi ne ke kamuwa, wani lokaci kuma duka biyun. An taɓa ganin toshewar ga wanda bai daɗe da fara riƙe sanda ba, amma kumburin, aikin shekaru ne.

Ƙarancin rahotannin bai kamata ya sa mu saki jiki ba. Yawancinsu daga inda ake da na'urorin hoton jijiya suka fito. Inda masu sanda suka fi yawa kuma na'ura ta fi ƙaranci, hannun da ya ruɓe yankewa ake yi, ba lalle a tsaya binciken abin da ya toshe shi ba.

Alamomin da jiki ke nunawa

Lalurar fuska biyu gare ta. Mai zuwa a hankali takan fara da gajiya: mutum ya ɗan yi tafiya sai damtse ya ƙage, ya huta ya sake shi, ya ci gaba ya dawo. Hannu ɗaya ya fi ɗayan sanyi, musamman da hunturu ko bayan alwala da ruwan sanyi. Yatsa ya yi fari fat, ko ya yi shuɗi-shuɗi, bayan wani lokaci ya dawo daidai. Ɗan ƙurji ya fito a kan yatsa ko gefen farce ya ƙi warkewa. Wani kuma yakan ji ƙullutu a hammata ko saman damtse, in ya ɗora yatsu a kai ya ji yana harbawa daidai da bugun zuciya.

Mai zuwa farat ɗaya kuwa ba ta ɓuya. Ciwo mai tsanani ya sauko wa hannu, ya yi sanyi ƙalau, launinsa ya kwashe, a lalubi bugun jini a wuyan hannu a rasa. Daga nan yatsu su sage, daga baya su ƙi motsi. Idan aka kai ga sagewa da kasa motsi, naman hannun ya fara mutuwa ke nan. Abin da likitoci ke aiki da shi shi ne, tsoka da jijiyoyin saƙo ba sa jure yankewar jini fiye da kamar awa shida kafin ɓarnar ta zama ta dindindin. Wannan ba ciwon bari gari ya waye ba ne. Ba a gasa irin wannan hannu da ruwan zafi ko garwashi, domin fatar da ba ta samun jini saurin ƙonewa take, mai ita kuma ba zai ji ba. Ba a murza shi, ba a ɗaure shi, ba a ɗaga shi sama. A lulluɓe shi da mayafi, a nufi babban asibiti inda ake tiyata.

Akwai ruɗu uku da ke cinye lokaci. Na farko na gida ne: a ce sanyi ne ya kama shi, a yi ta shafa man zafi ana shan jiƙo. Na biyu ya fi muni. Ƙullutun hammata, a wurinmu, kaluluwa ce ko maruru, maganin maruru kuwa sakiya. To idan jakar jijiya ce aka sa wa aska, jinin da zai ɓalle ba na tsayarwa da tsumma ba ne, mutum na iya rasuwa kafin a sami mota. Duk kumburin da ke harbawa, kada wanzami ya tsaga shi, kada a kafa masa ƙaho, kada mai kemis ya soka masa allura. Ruɗu na uku a asibiti yake. Yawancin gudajin jinin da ke toshe hannu daga zuciya suke tasowa, musamman ga masu bugun zuciya marar daidaito. Sai likita ya ciro gudan, ya duba zuciya, ya sallami mutum da magani, bai duba hammata ba. Mutumin ya koma kan sandarsa, bayan 'yan watanni ya dawo da wata toshewar da ta fi ta farko. Ganin sanda a jingine a gefen gadon mai irin wannan ciwo ya isa ya sa a ɗauki hoton hammata.

Ya kamata kuma a bambanta toshewar jijiyar jini da shanyewar hannu da sanda ke jawowa ta hanyar danne jijiyar saƙo, wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba. A shanyewar, wuyan hannu ne ke langaɓewa, mutum ya kasa ɗaga tafinsa ko miƙe yatsu, amma hannun da ɗuminsa, bugun jini kuma yana nan. Galibi yakan warware cikin makonni ko watanni idan aka daina danna wurin. Duk da haka gargaɗi ne: matsin da ya isa ya kashe jijiyar saƙo, yana kan jijiyar jinin da ke maƙwabtaka da ita.

Jijiyar da ke mayar da jini ma takan toshe. Alamarta daban ce: hannu ya kumbura tun daga yatsu har kafaɗa, ya yi nauyi, launinsa ya yi duhu, jijiyoyi su fito raɗa-raɗa a kafaɗa da ƙirji. Hatsarinta shi ne gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Wanda hannunsa ya kumbura haka, sannan numfashi ya fara yi masa wuya ko ƙirji ya soke shi, a gaggauta kai shi asibiti.

Sai tafin hannu. A tudun tafi na gefen ƙaramin yatsa, jijiyar jini tana bi ta kusa da wani ɗan ƙashi mai ƙugiya, babu abin kirki da ya kare ta. An fi sanin lalacewarta ga makanikai da kafintoci masu bugun abu da tafi, amma mariƙin sanda mai tauri da ake danna wa nauyi shekara da shekaru yakan yi irin wannan aiki. A nan yatsun gefen ƙaramin yatsa ne ke yin sanyi da sauya launi, babban yatsa kuwa galibi lafiya lau. Wannan ya shafi masu kwagiri da masu gajeriyar sanda, da masu doguwar gora da ake riƙewa da hannu biyu.

Bincike da magani

Binciken farko ba ya buƙatar wutar lantarki. A taɓa bugun jini a wuyan hannu biyu a gwada. A auna hawan jini a hannun dama da na hagu: ɗan bambanci ba komai, amma idan lambar sama ta bambanta da 20 ko fiye, akwai abin dubawa. A laluba hammata. A danna farce a saki, a ga ko jan ya dawo da wuri. Bayan haka sai hoton na'urar nan da ake duba masu ciki da ita, wadda aka ƙara wa fasahar ganin gudun jini, tana nuna jakar da gudan da ke cikinta ba tare da an huda jiki ba. Idan za a yi tiyata, akan ɗauki hoton jijiyoyin bayan an zuba musu ruwan da ke haskawa, don a ga har ina toshewar ta kai.

Wanda ya zo da toshewar gaggawa, akan fara masa da allurar hana jini daskarewa, irin su heparin. Sannan a buɗe jijiyar, yawanci a gwiwar hannu, a zura siririn bututu mai 'yar balan-balan a baki, a wuce gudan da shi, a hura, a jawo. Likitan Amurka Thomas Fogarty ne ya fito da wannan dabara a farkon shekarun 1960, kuma har yau da ita ake aiki. Wani lokaci akan zuba maganin narkar da guda kai tsaye cikin jijiyar. Amma fitar da guda ba ya kawar da tushen ciwon. Idan akwai jaka, sai an yanke wurin da ya lalace an yi ƙari, galibi da jijiyar da aka ciro daga ƙafar mutumin, in babu mai kyau a sa ta roba. Akwai kuma ragar ƙarfe da ake sakawa ta ciki, sai dai hammata wuri ne mai yawan motsi da lanƙwasa, don haka likitoci da yawa sun fi natsuwa da tiyatar buɗewa a nan. Ko wace hanya aka bi, sharaɗi ɗaya ne: sandar hammata ba za ta koma wurin ba. Taba sigari kuma dole a bar ta, a kula da hawan jini da ciwon suga, don duk suna ƙara wa jijiya rauni.

Likitocin tiyatar jijiyoyin jini kaɗan ne a ƙasashenmu, kuma a manyan asibitocin koyarwa suke. Mutumin ƙauye da hannunsa ya toshe da dare, kafin a sami mota, a haɗa kuɗi, a bi ta asibitin ƙaramar hukuma, awa shidan nan ta wuce. Saboda haka abin da ke hannunmu da gaske shi ne hana faruwarta.

Me ya sa maganar ta shafe mu

A 1988, lokacin da duniya ta ɗaura ɗamarar kawar da shan inna, cutar tana nakasa yara kimanin 350,000 a shekara. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ta fi daɗewa. Bayan dakatar da rigakafi a Kano da wasu jihohi a 2003, cutar ta sake bazuwa, har a 2006 aka ƙirga yara 1,122 da ta kama a ƙasar. A 2012 fiye da rabin waɗanda ta kama a duniya a Najeriya suke. An ga na ƙarshe a Borno a 2016, sannan a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Abin godiya ne ƙwarai. Amma yaran 2006 yanzu samari ne da 'yan mata, da yawansu a kan sanda suka girma. Idan lalurar jijiya tana ɗaukar shekara talatin ko arba'in kafin ta fito, to nasu lokacin yana gaba, na yayyensu da iyayensu kuma ya riga ya zo. Ban da su, ga waɗanda hatsarin babur ya raba da ƙafa, ga masu ciwon suga, ga waɗanda ɗaurin ɗori ya ruɓar wa ƙafa, ga waɗanda bam da harsashi suka nakasa a arewa maso gabas da yankin Diffa.

Dubi kuma yadda sandar ke zuwa hannun mutum. Wani kafinta ne ya ƙera masa da ido, babu ramukan ƙara tsawo ko ragewa. Wani gadonta ya yi daga ɗan'uwan da ya warke daga karaya. Wani a taron rabon tallafi aka miƙa masa, aka ɗauki hoto, kowa ya watse, ba wanda ya gwada ta da tsawonsa. Idan matashin ya mutu, sai a naɗa tsumma da soso a ɗaure da robar tayar keke. Kowane naɗi yana ƙara wa sandar tsawo, yana ƙara cusa ta cikin hammata, laushin kuma yana ƙara jan mutum ya kwanta a kai. Tsaya kusa da mai sayar da katin waya ko goro da ke kan sanduna ka ga lokacin da zai ba da canji: hannayensa biyu suna cikin kuɗi, kafaɗunsa sun ɗaga har kusa da kunne, jikinsa gaba ɗaya yana rataye a kan katako biyu. In ya ɗaga hannu za ka ga rigar ta cinye a wurin, fatar kuma ta yi baƙar kanta. Wannan kantar shaida ce cewa nauyi yana sauka inda bai kamata ba.

Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce. Mutum ya miƙe da takalmin da ya saba sawa, kafaɗu a sake, ƙasan sandar ya ɗan fita gefe da gaba kamar santimita 15 daga ƙafa. Tsakanin kan sandar da hammata a sami wurin yatsu biyu zuwa uku, wato kamar santimita 4 zuwa 5. Mariƙin ya zo daidai wuyan hannu idan an saki hannu, yadda in an kama shi gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Nauyi a tafin hannu yake sauka. Kan sandar kuwa a gefen ƙirji ake matse shi da damtse don kada ta zame, ba a zama a kansa. Yaro mai girma a riƙa sake auna masa, robar ƙasa in ta cinye a sauya ta, mariƙi kuma ya zama mai faɗi da ɗan laushi.

Sai dai faɗa wa mutum kada ya rataye ba ya wadatarwa, domin ba ganganci ke sa shi ba. Gajiya ce. Tafiya da sanduna ta fi tafiya da ƙafa cin ƙarfi sosai. Shekaru suna ja, jiki yana ƙara nauyi, kafaɗu da wuyan hannu suna ciwo. Ga waɗanda suka yi shan inna akwai ƙarin rauni da kan dawo wa da yawansu bayan shekara 15 zuwa 40 da kamuwar farko, tsokar da ta yi ta aiki ta fara sanyi. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana riƙe sanda daidai yana iya komawa rataya ba tare da ya lura ba. Don haka gyaran sai ya haɗa da rage wa hannu aiki: kujera a wurin sana'a, jakar goyo maimakon riƙe kaya, takalmin ƙarfe da zai sa ƙafar ta karɓi wani kaso na nauyin, ƙafar roba ga wanda aka yanke wa, da keken guragu don doguwar tafiya.

Ga wanda zai yi rayuwarsa a kan sanda, gajeriyar nan mai zobe ta fi dacewa in hannayensa da gangar jikinsa suna da ƙarfi, domin ba ta kusantar hammata sam. A yawancin ƙasashen Turai ita ake bayarwa ko da na ɗan lokaci ne. Ita ma tana da nata: takan gajiyar da wuyan hannu da tafi, kuma tana buƙatar koyo. Wani kuma rauninsa ya kai yadda ba zai iya da ita ba. Likitan gashin ƙashi ne zai tantance, ba mai shago ba. Kada kuma wani ya karanta wannan ya jefar da sandarsa don tsoro. Zaman wuri ɗaya ya fi ta illa, faɗuwa ma haka. Abin da ake so a gyara ta, a gyara riƙonta.

Hakkin da ke kan kowa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sandunan dogarawa cikin jerin kayan taimako 50 mafiya muhimmanci da ta fitar a 2016, kuma matsayinta shi ne ba a raba kayan da hidimar da ke tare da su: aunawa, koyarwa, gyara da bibiya. Rahoton da ta fitar tare da UNICEF a 2022 ya ce mutum fiye da biliyan 2.5 ne ke buƙatar irin waɗannan kaya a duniya, kusan biliyan ɗaya kuma ba sa samu. A irin wannan rashi, duk wanda ya ba da sanda ya yi alheri. Amma alherin bai cika ba sai an auna. Attajiri ko ɗan siyasa ko ƙungiyar da za ta sayi sanduna ɗari biyar, ba za ta gaza ɗaukar likitan gashin ƙashi na yini guda ba, ya tsaya ya daidaita wa kowa tasa, ya nuna masa riƙo.

Najeriya tana da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da hukumar ƙasa da aka kafa musu a 2020. Tana da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da sassan gashin ƙashi a asibitocin koyarwa na Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri. Ilmin yana nan. Abin da ya rage shi ne ya fita daga harabar asibiti. Sarakunan guragu da ƙungiyoyinsu sun san mutanensu gida-gida, kuma maganarsu tana shiga. Kafintoci da masu walda da ke ƙera sandunan za su iya koyon awon nan a zama ɗaya, su riƙa huda ramukan daidaitawa. Wanzamai su san cewa akwai kumburin da ba a taɓawa.

Ma'aikacin asibitin unguwa kuma, duk lokacin da mai sanda ya shigo, ko da zazzaɓi ne ya kawo shi, ya tambaye shi shekara nawa ya yi a kanta, ya sa yatsu tsakanin sandar da hammatarsa, ya taɓa bugun jinin hannu biyu, ya auna hawan jini dama da hagu. Duka ba za su ci minti biyar ba. Wanda ya haura shekara goma a kan sandar hammata ya cancanci wannan dubawa duk shekara, kuma ya dace shi da iyalinsa su neme ta da bakinsu, kada su jira sai yatsa ya yi baƙi.